Zare: Wa ya fi ƙarfi? Tarihin haɗakar Marvel da DC daga 1976 zuwa 2025

1/ Tunda Deadpool/Batman ya fito a Satumban 2025, tsohon musun nan ya dawo sabo fil: Superman ko Thor? Batman ko Captain America? Wasu har da zage-zage a kwamen. To ku ajiye makamai ku gyara zama. Yau tarihin haɗakar Marvel da DC za mu bi tun daga tushe. Zaren da tsawo fa. 🧵

2/ Ku riƙe abu ɗaya tun yanzu. Jaruman nan sun sha haɗuwa a takarda, an gwabza, an samu sakamako. Amma duk faɗan da za ku gani a nan, kafin mai zane ya ɗauki fensir an riga an gama shi a ofis. Wani edita ne ya yanke, wani lauya ne, wani kuma ƙuri'a.

3/ Ga wanda a fim kawai ya san su: asalinsu komik ne, ɗan littafin labari mai zane-zane da ake fitarwa wata-wata a Amurka. Superman ya fara fitowa a 1938 cikin Action Comics na 1, aikin Jerry Siegel da Joe Shuster. Batman ya biyo baya a 1939. Gidan da ya buga su shi ne DC na yau.

4/ A 1939 ɗin dai Martin Goodman ya buɗe Timely Comics, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama Marvel. Captain America nasu ne tun 1941. Amma Marvel ɗin da muka sani a 1961 ya tashi, da Fantastic Four na Stan Lee da Jack Kirby. Spider-Man 1962, Avengers da X-Men 1963.

5/ Ga abin da 'yan gani-kashe-nin Marvel ba sa son ji. A 1957 dillalin da ke rarraba wa Goodman littattafai ya durƙushe. Dole ya koma wajen Independent News, kamfanin rarrabawa na masu DC. Sharaɗin da aka gindaya masa: littafi takwas kacal a wata. Wato kishiya ce ke kai musu kaya kasuwa, ita ce kuma ke auna musu.

6/ A cikin wannan ƙangin aka haifi Spider-Man, Hulk, Thor da Iron Man. Shi ya sa a lokacin za ka ga Iron Man da Captain America suna raba littafi ɗaya, kowa rabi. Sai 1969 Marvel suka bar wannan dillali gaba ɗaya. A farkon shekarun 1970 kuwa suka sha gaban DC a ciniki.

7/ Gabar ma da biyu. Stan Lee ne gwanin habaici, yana yi wa DC ba'a a shafin wasiƙu, masu karatu suna ta shewa. Amma a lokacin kamfanonin biyu duk a Manhattan suke, cikin New York, kuma marubuta da masu zane suna tsallakawa nan da can. Kirby da kansa ya koma DC a 1970, can ya ƙirƙiri Darkseid.

8/ Saboda haka ma'aikata ne suka fara satar hanya. A 1969 Roy Thomas ya kawo Squadron Sinister su kara da Avengers: Hyperion, Nighthawk, Whizzer da Doctor Spectrum. Duk mai ido ya san Superman, Batman, Flash da Green Lantern ne aka sauya wa riga. A 1971 DC suka rama da nasu Avengers na bogi a Justice League na 87.

9/ A 1972 abokai uku, Steve Englehart, Gerry Conway da Len Wein, suka yi wadda ta fi. Suka saka kansu a labari a matsayin masu zuwa bikin Halloween na garin Rutland a jihar Vermont. Labarin ya faro a Amazing Adventures na 16 na Marvel, ya ratsa Justice League na 103 na DC, ya ƙare a Thor na 207. Babu wata yarjejeniya, tsabar abota.

10/ Aikin haɗin gwiwa na farko a hukumance kuwa ko jarumi ɗaya babu a ciki. A 1975 ne, komik na fim ɗin The Wizard of Oz. Kowanne kamfani yana shirin yin nasa, sai aka ga gara a haɗa a raba riba. Daga nan aka gane ashe ana iya zama teburi ɗaya.

11/ Sai 1976: Superman vs. The Amazing Spider-Man. Wani wakilin marubuta mai suna David Obst ne ya kai shawarar ga Stan Lee da Carmine Infantino na DC. Fim ma ya fara hangowa, aka ga ba zai yiwu ba, aka tsaya a takarda. Ku lura, mafarkin fim ɗin haɗaka da muke yi yau ya kai shekara 50.

12/ Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1970 cinikin komik a wajen masu sayar da jarida yana ta ja baya, don ribar littafin santi 25 ko 30 ba ta taka kara ta karya ba. Wannan kuwa an yi shi ƙato, shafi kusan 100, aka sa masa dala 2. Kowa ya samu abin lasa.

13/ Hatta zaɓen ma'aikata sai da aka auna. Gerry Conway ya rubuta, Ross Andru ya zana, don dukansu sun taɓa aikin gidajen biyu. Duk da haka Neal Adams ya bi ya gyara wasu zanen Superman, John Romita babba ya taɓa fuskokin mutanen Marvel. Kowa na tsoron a muzanta masa ɗa.

14/ Matsalar ita ce: ta yaya yaron Queens mai manne wa bango zai kara da wanda ke ture duniyoyi? Dabarar: Lex Luthor da Doctor Octopus suka haɗa kai, aka sace Lois Lane da Mary Jane, aka haɗa jaruman faɗa. Luthor ya harba wa Spider-Man hasken jar rana a ɓoye, abin da ke karya lagon Superman.

15/ Nan Spidey ya yi ta jibgar Superman. Da Superman ya fusata ya kawo naushi, sai ya tsayar da hannu dab da fuska, iskar kaɗai ta yi jifa da yaron. Da hasken ya ƙare, Spidey ya ci gaba da duka har ya kusa karya hannunsa. Aka tashi ba kisa, aka shirya, aka tafi neman bosawa.

16/ Wannan shi ya zama tsarin kusan duk haɗakar da ta biyo baya: rashin fahimta, turmi ɗaya na dambe, sulhu, sannan a taru a kan bos. Masoyin Marvel ya ce "ka ga ya dake shi", masoyin DC ya ce "ai tausaya masa ya yi". Kowa ya koma gida da hujjarsa, kamfani kuma da dala biyunsa.

17/ A 1981 aka sake biyu. Superman da Spider-Man karo na biyu, Jim Shooter da John Buscema, bos ɗin Doctor Doom da Parasite. Sai Batman da Hulk, na Len Wein da José Luis García-López. Batman ya jefa hayaƙin sa barci, Hulk ya riƙe numfashi, Batman ya hambare shi a ciki har ya shaƙa ya faɗi. Har gobe 'yan Hulk ba su yafe ba.

18/ A 1982 aka yi wanda da yawa ke cewa ya fi duk na wancan zamani: X-Men da New Teen Titans, rubutun Chris Claremont, zanen Walt Simonson. Darkseid yana neman ƙarfin Dark Phoenix. Abin da ya sa ya yi daɗi, ƙungiyoyin biyu ba su ɓata lokaci wajen faɗa da juna ba, kuma su ne littattafan da ke tashe a gidajen biyu.

19/ Saura babban nama: Justice League da Avengers, an tsara shi don 1983. Conway ya tsara labari, aka ba George Pérez zane, mutumin da ya taɓa zana ƙungiyoyin biyu kuma ya shahara da cusa mutum hamsin a shafi ɗaya ba tare da fuska biyu sun yi kama ba. Ya zauna ya zana shafi 21.

20/ Ana wata ga wata. Jim Shooter, babban editan Marvel, ya ce shi bai amince da labarin ba, akwai ramuka a ciki kuma jarumansa ba haka suke ba. Dick Giordano na DC yana ganin jan ƙafa ake yi musu. Aka yi ta aika takardu, lokaci ya ƙure, Pérez ya fusata ya ajiye fensir.

21/ Rigimar ta fito fili, kowane ɓangare ya buga nasa bayanin a littattafan kamfaninsa yana ɗora wa ɗayan laifi. Aikin ya mutu, ci gaban X-Men da Titans da aka shirya ma ya bi shi. Shekara 12 ba a sake haɗuwa ba. Shafukan nan 21 suka zama abin da masoya ke ba juna labari kamar tatsuniya.

22/ Me ya dawo da su a 1994? Dole uwar na ƙi. A farkon shekarun 1990 mutane sun ɗauki komik kamar hannun jari, ana saye ana ɓoyewa a leda don ya yi tsada. X-Men na 1 na 1991 ya sayar da kwafi kusan miliyan 8. Mutuwar Superman a 1992 ita ma miliyoyi.

23/ Amma abin da aka buga kwafi miliyan takwas kowa ya ajiye ta ina zai yi tsada? Daga 1993 kasuwa ta fashe, shagunan komik suka yi ta rufewa. Ga shi a 1992 manyan masu zanen Marvel, su Todd McFarlane, Jim Lee da Rob Liefeld, sun fice sun kafa Image Comics. Manyan biyu suka ga wuta ta iso gemu.

24/ Sai haɗaka ta ɓarke. Batman da Punisher sau biyu a 1994. A 1995 Spider-Man da Batman a kan Joker da Carnage, Darkseid da Galactus, Green Lantern da Silver Surfer. John Byrne ya yi Batman da Captain America a zamanin yaƙin duniya na biyu, inda Joker ya juya wa Red Skull baya da ya gane ɗan Nazi ne na gaske. Mugu ma da iyakarsa.

25/ Yanzu mun iso inda yawancin musunku ya samo asali: DC vs. Marvel na 1996, fitowa huɗu. Ron Marz da Peter David suka rubuta, Dan Jurgens da Claudio Castellini suka zana. Wasu halittu biyu 'yan uwan juna, kowanne na wakiltar duniya ɗaya, suka ce a kara. Duniyar da ta faɗi za a shafe ta.

26/ Karawa 11 aka yi. Shida marubuta suka yanke:
Thor ya doke Captain Marvel, wato Shazam
Silver Surfer ya doke Green Lantern
Elektra ta doke Catwoman
Flash ya doke Quicksilver
Robin ya doke Jubilee
Aquaman ya doke Namor, ta hanyar sa wata ƙatuwar dabbar teku ta faɗo ta danne shi
Uku da uku. Kun ga hannun ofis ko?

27/ Sauran biyar aka bar wa ƙuri'ar masu karatu:
Superman ya doke Hulk
Batman ya doke Captain America
Spider-Man ya doke Superboy
Storm ta doke Wonder Woman
Wolverine ya doke Lobo
Jimilla Marvel 6, DC 5. Duk wanda ya taɓa ganin an sa zaɓen Messi da Ronaldo a manhajar nan ya san abin da ƙuri'a ke aunawa: yawan masoya.

28/ Ku duba lokacin. Katun ɗin X-Men yana kan talabijin tun 1992, kowane yaro a Amurka ya san Wolverine da Storm. Lobo kuwa mutum ne da ke musayar naushi da Superman. Wolverine a lokacin ko ƙarfen adamantium ba shi da shi, Magneto ya zare masa a 1993, faratan ƙashi yake yawo da su.

29/ To ya za a zana wannan nasara? Ba a zana ba. Su biyun suka faɗa bayan kantar mashaya inda ba a ganinsu, can sai Wolverine ya miƙe ya ɗauki sigarinsa. Shi ke nan fa. Wallahi a wurina wannan shafin ya fi kowanne gaskiya a littafin, don ya nuna marubutan ma sun rasa yadda za su kare sakamakon.

30/ Na Wonder Woman ma akwai ciwo. Ta tsinci gudumar Thor, ta ɗaga ta, ƙarfinsa ya shige ta. Sai ta ajiye, wai ba adalci ba ne ta yi faɗa da ita. Storm ta saukar mata da tsawa. Batman da Cap kuwa sun daɗe suna yi a magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari ba kisa, sai ambaliya ta ɗauke wa Cap hankali. Har wanda ya faɗi sai an sama masa uzuri.

31/ Abin da ya fi faɗan daɗi ya zo a tsakiya: duniyoyin biyu suka narke suka zama ɗaya, Amalgam Comics. Littafi 12 a 1996, wasu 12 a 1997. Batman da Wolverine suka zama Dark Claw. Superman da Cap, Super-Soldier. Storm da Wonder Woman, Amazon. Bos ɗin Dark Claw, haɗin Joker da Sabretooth, sunansa Hyena. Kura dai.

32/ Har shafin wasiƙun bogi suka yi, kamar Amalgam ya shekara da shekaru yana fitowa. An kuma ƙirƙiri Access, jarumin da kamfanonin biyu suka mallaka tare, mai tsallakawa tsakanin duniyoyin. A nan kewar masoya ta fi ƙarfi, don ana gani an san ma'aikatan nishaɗi suke yi.

33/ Amma ku haɗa da wannan: a Disambar wannan shekarar ta 1996, Marvel suka shiga kotu neman kariya daga masu binsu bashi. Bashin da aka tara zamanin mai kamfanin, Ronald Perelman, ya yi musu katutu. Wato kamfanin da ya "ci" 6 da 5 a takarda, a banki shi ne a ƙasa. Sai 1998 suka fita, bayan haɗewa da Toy Biz.

34/ A shekarun ƙuncin nan ne haƙƙin fim na manyan jarumansu ya tafi hannun wasu: X-Men wajen Fox, Spider-Man wajen Sony. Shi ya sa kafin Spider-Man ya tsaya kusa da Iron Man a fim ɗin Civil War na 2016 sai da aka yi yarjejeniya. 'Yan gida ɗaya ma kenan, balle baƙo.

35/ Mu koma kan Pérez. Bai taɓa cire rai ba. Ko da ya sa hannu a kwantiragin aiki da kamfanin CrossGen shi kaɗai, sai da aka bar masa ƙofa: in JLA/Avengers ya taso, zai je ya zana. Ya kuwa taso. Kurt Busiek ya rubuta, fitowa huɗu, 2003 zuwa 2004. Shekara 20 cif bayan na farko ya mutu.

36/ In littafi ɗaya za ku nema a duk zaren nan, wannan ne. Busiek ya ɗauki musun masoya ya sa shi a bakin jaruman. Captain America ya shiga duniyar DC ya ga ana gina wa jarumai gidan tarihi ana girmama su, ya ce waɗannan sun mai da kansu abin bauta. Hankalinsa bai kwanta ba.

37/ Superman kuma da 'yan ƙungiyarsa suka leƙa duniyar Marvel, suka ga Doctor Doom na mulkin ƙasa guda, suka ga kufan Genosha, ga jama'a na farautar mutant a titi. Ya ce waɗannan wane irin jarumai ne da suka bar duniyarsu haka? Ai wannan shi ne ainihin bambancin gidajen biyu, kuma ya fi "wa ya fi ƙarfi" nisa.

38/ Akwai ƙananan abubuwa masu daɗi. Flash ya rasa gudunsa a duniyar Marvel don babu Speed Force a can. Darkseid ya samu Infinity Gauntlet, ya ga ba ya aiki a duniyarsa, ya yar. Batman da Cap suka ɗan gwada juna, Batman ya yarda Cap na iya cinsa amma za a daɗe, suka bar faɗan suka tafi bincike.

39/ Superman da Thor fa? An yi. Superman ya tare guduma da hannu, ya sumar da Thor da ƙyar, sai sauran Avengers suka yi masa taron dangi. A ƙarshe kuma shi ne ya riƙe garkuwar Cap da gudumar Thor a karon ƙarshe da Krona. Bayan yaƙi ya gwada ɗaga gudumar, ta ƙi. An ba DC, an ba Marvel.

40/ Bangon fitowa ta 3 yana ɗauke da jarumai sama da 200, duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyoyin biyu. Pérez ya zana su ɗaya bayan ɗaya har jijiyar hannunsa ta kumbura, abin da ya jawo jinkirin fitowa ta ƙarshe. Ku nemi hoton ku zuƙo shi, za ku daɗe kuna kallo.

41/ Daga nan ƙofa ta rufe shekara 21. Iron Man ya fito a 2008, Disney suka sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4. DC kuwa tuni suna ƙarƙashin Warner. Endgame kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8 a 2019. Jarumin da ke kawo irin wannan kuɗi, wa zai bari a zana shi a ƙasa?

42/ Hatta sake buga tsofaffin sai ɓangarorin biyu sun sa hannu, don haka suka ɓace a kasuwa. A Disambar 2021 Pérez ya sanar cewa yana da ciwon daji kuma ba zai yi doguwar jinya ba. Masoya suka yi ta roƙo. A Maris 2022 aka sake buga JLA/Avengers ta hannun Hero Initiative, ƙungiyar da ke tallafa wa masu aikin komik da suka shiga hali.

43/ Kwafi 7,000 kacal. Nan da nan suka ƙare, 'yan kasuwa suka ninka kuɗi. Pérez ya rasu ran 6 ga Mayu 2022 yana da shekara 67, amma ya ga littafin ya dawo. Abin da cinikin shekaru ya kasa, jinyar mutum ɗaya ta sa an yi. A 2024 aka tattara tsofaffin haɗaka da Amalgam a manyan kundaye biyu.

44/ Sai 2025: Deadpool/Batman daga Marvel a Satumba, Zeb Wells da Greg Capullo. Batman/Deadpool daga DC a Nuwamba, Grant Morrison da Dan Mora. Me ya sa Deadpool? Fim ɗinsa da Wolverine ya haura dala biliyan 1.3 a 2024. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

45/ Abin dariyar, shi kansa Deadpool tsokanar DC ce. Sunansa Wade Wilson, an ɗauko shi ne daga Slade Wilson, wato Deathstroke, wanda Marv Wolfman da George Pérez suka ƙirƙira a 1980. Haka gidajen nan suke tun fil azal, kowa na leƙen tukunyar ɗan uwansa.

46/ Fim fa? Masu su sun taɓa yi. A Who Framed Roger Rabbit na 1988, Warner suka ba Disney aron Bugs Bunny bisa sharaɗin a ba shi lokaci daidai da Mickey Mouse. Shi ya sa tare suke fitowa. In a kan zomo da ɓera an auna daƙiƙa, ku ƙiyasta Superman da Thor. Ni dai ban ga alamarsa nan kusa ba.

47/ Kuma inda kuɗi yake ba sa faɗa. Shekaru da dama Marvel da DC tare suka mallaki kalmar "Super Hero" a matsayin alamar kasuwanci a Amurka, suna taka wa ƙananan mawallafa burki. Sai a Satumban 2024 hukumar rajista ta soke wasu daga cikin alamomin, bayan ƙorafin wani ƙaramin kamfani, Superbabies. Manyan ko amsa ba su bayar ba.

48/ Ga ɓangaren da ya fi damuna. Siegel da Shuster dala 130 aka ba su a kan Superman a 1938. Sai a ƙarshen 1975, suna tsofaffi cikin talauci, Warner suka yarda da ba su dala 20,000 a shekara da dawo da sunansu, bayan su Neal Adams sun tayar da ƙura. Makonni kaɗan kafin littafin dala 2 ɗin can ya fito.

49/ Bill Finger, wanda ya gina yawancin abin da muka sani na Batman, ya rasu a 1974, sunansa bai hau a hukumance ba sai 2015. Iyalan Kirby sai 2014 suka sasanta da Marvel. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. In za mu yi musu da zafi, wannan ya fi cancanta da zafin.

50/ Yawancin waɗanda suka yi mana haɗakar nan sun tafi: Andru 1993, Giordano 2010, Wein 2017, Stan Lee 2018, Pérez da Adams 2022, Peter David da Shooter 2025. Kewar da tsofaffin masoya ke yi, rabinta ta mutanen nan ce, lokacin da abokai uku za su iya ɗinke duniyoyi biyu ba tare da lauya ya sani ba.

51/ Wata ƙofa na tafe. A dokar Amurka haƙƙin mallakar irin waɗannan ayyuka shekara 95 ne. Superman na 1938 zai zama na kowa a 2034, Batman na 1939 a 2035, haka Namor da Human Torch na farko. Siffarsu ta asali kaɗai fa, alamar kasuwanci na nan. Amma mai zane a Amurka zai iya haɗa Batman da Namor ba tare da neman izini ba.

52/ Saboda haka in wani ya kawo muku hoton Superman a kan Thor a matsayin hujja, ku tambaye shi shekara, marubuci, da wanda ya buga. In ya kawo na Wolverine da Lobo, ku ce ya nuna muku naushi ɗaya. Stan Lee da kansa ya sha faɗa cewa wanda marubuci ke so shi ke nasara, kuma a 2001 shi ma ya rubuta wa DC.

53/ Nan zan tsaya. Tambayata gare ku: da yau za a sake ƙuri'ar 1996, wane sakamako ne zai juye? Ni na ce Wonder Woman za ta rama, Lobo kuwa zai sake shan kaye, don har yanzu Wolverine ya fi shi jama'a. Ku ajiye naku a kwamen, ban da zagi don Allah. Wanda ya ƙaru ya tura wa abokin musunsa.